Awo da Lissafin Cikin Abubuwa a Aikin Injiniya



Ina godiya ga shugabannin ƙungiyarmu da suka ba ni damar tsayawa a gabanku, ko da ya ke a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka fi ni sanin abin da zan yi magana a kai nesa ba kusa ba. Maganata a yau a kan awo ne, da yadda a ke lissafa cikin abubuwa masu jiki, kamar tanki da rijiya da tsibin yashi. Na san da yawa daga cikinmu suna ganin wannan karatun 'yan sakandare ne, an wuce wurin tuni. Ni ma haka na ke gani, har ran da na sha kunya a gaban mutanen garinmu. Da wannan labari zan fara.

A wani hutu na tafi gida, na tarar samarin ƙauyenmu sun haɗa kuɗi za su gina ma'ajiyar ruwa a ƙasa, ta bulo da siminti, saboda wahalar da a ke sha da bazara in rijiyoyi sun janye. Sun tsai da shawara a kan tsawo ƙafa 12, faɗi ƙafa 10, zurfi ƙafa 6. Da suka gan ni sai suka ce, tun da ga ɗan jami'a ya zo, ya gaya mana kwana nawa ruwan zai yi mana. Na ɗauki biro na ninka 12 da 10 da 6, na sami 720. Na tuna cewa ƙafa 3.28 ce mita ɗaya, sai na raba 720 da 3.28, na sami mita kubik 219 da rabi, watau lita 219,500. Mutanen unguwar da za su ɗiba kamar su 300 ne, in kowa ya sami lita 20 a yini, lita 6,000 ke nan kullum. Na ce musu ruwan zai kai su kwana 36. Aka yi ta murna, ana sa mini albarka.

Akwai wani dattijo magini a gefe, wanda bai taɓa shiga aji ba. Ya ce, "Ɗana, duro nawa ka ce ramin nan zai ci?" Na ce, "Baba, ya haura dubu." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Duro faɗinsa bai kai ƙafa biyu ba, tsayinsa kamar uku. In ka jera su a ƙasan ramin, shida ta nan, biyar ta nan, talatin ke nan. Ka ɗora wasu talatin a kai, rami ya cika. Ko ka haɗa da ruwan da zai shiga tsakaninsu, ɗari da 'yan kai ne. Ina ka samo dubu?" Na koma na duba, ashe gaskiyarsa. Cikin ramin mita kubik 20.4 ne, lita 20,400, ruwan kwana uku da 'yan sa'o'i. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ran nan kuwa na ji ƙuƙumin a wuyana.

To, ina kuskuren ya ke? Abubuwa uku mu ke aunawa, kuma kowanne da nasa ma'auni. Akwai tsawo, wanda igiya ke aunawa. Akwai fili, watau shimfiɗar abu, tsawo sau faɗi, kamar daɓen ɗaki ko gona. Akwai kuma ciki, watau yawan abin da wuri zai ci, tsawo sau faɗi sau zurfi. Ni na ɗauki ma'aunin tsawo na auna ciki da shi. Mita ɗaya ƙafa 3.28 ce, gaskiya ne. Amma mita murabba'i ɗaya ƙafa 3.28 sau 3.28 ce, watau ƙafa murabba'i 10.76. Mita kubik ɗaya kuwa sai an ninka 3.28 sau uku a jere, ya ba da ƙafa kubik 35.3. Da 35.3 ya kamata in raba 720. Haka abin ya ke ko a cikin tsarin mita kansa: santimita 100 ne mita ɗaya, amma mita murabba'i santimita murabba'i 10,000 ce, mita kubik kuwa santimita kubik miliyan ɗaya. Lita ɗaya ita ce cikin ɗan akwati mai santimita 10 ta kowane gefe, shi ya sa lita 1,000 ke cika mita kubik.

Daga nan wata ƙa'ida ta fito wadda Galileo ya yi bayaninta a littafinsa na 1638. In ka ninka kowane gefe na abu sau biyu, filinsa zai ninku sau huɗu, cikinsa da nauyinsa kuma sau takwas. Ƙarfin ginshiƙi yana bin filin kaurinsa ne, nauyin da ya ke ɗauka kuwa yana bin ciki. Saboda haka ba a ɗaukar zanen ƙaramin gini a ninka kowane awo nasa a ce an sami babban gini, domin nauyi zai tsere wa ƙarfi.

Yanzu bari mu zo kan siffofin kansu. Littattafanmu cike su ke da ƙa'idoji, har ɗalibi ya kan ga kamar ba za su haddatu ba. A ganina iyali uku ne kawai, kuma wanda ya gane tushen kowane iyali ba ya bukatar hadda mai yawa.

Iyali na farko shi ne na abubuwan da kaurinsu bai canja ba daga ƙasa har sama: ɗaki, bulo, duro, bututu, rijiya, lambatu. Ƙa'idarsu ɗaya ce, filin gindi sau tsayi. In gindin mai kusurwa huɗu ne, tsawo sau faɗi. In alwatika ne, rabin gindi sau tsayinsa. In da'ira ce, sai a ɗauki rabin faɗinta, watau daga cibiya zuwa gefe, a ninka shi da kansa, sa'an nan a ninka da lambar nan da a ke kira pai, wadda ta ke kimanin 3.142. Misali, rijiya mai faɗin baki mita 1.2, ruwan cikinta ya kai zurfin mita 3. Rabin faɗi 0.6 ne, sau kansa 0.36, sau pai 1.131, sau 3 ya ba da mita kubik 3.39, watau lita 3,390. Wanda ya manta ya sa faɗin gaba ɗaya a maimakon rabi, amsarsa za ta ninka gaskiya sau huɗu.

Iyali na biyu shi ne na abubuwan da suka tashi da faɗi suka ƙare da tsini, kamar mazurari, da tsibin yashi, da dala irin ta gyaɗa da Kano ta yi suna da ita a da. Cikinsu kashi ɗaya ne cikin uku na abin da filin gindi sau tsayi zai bayar. Ba sai kun yarda da ni ba. Ku naɗe kwali ya zama mazurari, ku sami gwangwani mai faɗin baki ɗaya da tsayi ɗaya da shi, za ku ga sai kun juye yashi sau uku kafin gwangwanin ya cika. Wani masani na Girka mai suna Yudoksus ne ya fara kafa hujjar wannan, kuma tana cikin kashi na 12 na littafin Iƙlidis, wanda aka rubuta wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Amfaninta a wurin aiki a bayyane ya ke. Tifa ta juye yashi ta tafi, kana so ka san ko an cika maka. Ka zagaya gindin tsibin da igiya, a ce ka sami mita 12.6. Ka raba da pai sau biyu, watau 6.28, rabin faɗi ya zama mita 2. In tsayin tsibin mita 1.2 ne, to 2 sau 2 sau 3.142 sau 1.2, a raba uku, mita kubik 5 ke nan. In takardar da aka miƙo maka ta ce 8, ka san akwai magana.

A cikin wannan iyali akwai dalar da aka sare wa kai, irin siffar bokiti, ko tafkin da aka haƙa mai gangaren gefe. Mutanen Masar na dā sun san lissafinta. A wata tsohuwar takarda tasu da ke ajiye a birnin Mosko, wadda aka rubuta wajen shekara 1850 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai dala mai gefen gindi 4, gefen sama 2, tsayi 6. Marubucin ya ninka 4 da kansa ya sami 16, ya ninka 4 da 2 ya sami 8, ya ninka 2 da kansa ya sami 4, ya tara su 28, ya ninka da sulusin tsayi, watau 2, ya sami 56. Wannan ita ce amsar da za mu samu yau, kuma ita ce hanyar da a ke koya mana. Alkawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, shi ma ya kawo lissafin irin wannan dala a babin awo na littafinsa na aljabara.

Iyali na uku shi ne ƙwallo. Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya gano cewa in ka sa ƙwallo a cikin gwangwanin da ya yi masa cif, ƙwallon zai ci kashi biyu cikin uku na gwangwanin. Ya ji daɗin wannan bincike har ya bar wasiyya a sa siffar ƙwallo da gwangwani a kan kabarinsa. Daga nan ƙa'idar ta fito: rabin faɗi sau kansa sau kansa, sau pai, sau huɗu, a raba uku. Randa mai kusan siffar ƙwallo wadda faɗin cikinta ya kai santimita 60 za ta ci kimanin lita 113. Fatar ƙwallo kuwa ninki huɗu ce ta filin da'irar da ta ratsa tsakiyarsa, kuma da rabin wannan a ke lissafa shafen ƙubba. A cikin dukan siffofi, ƙwallo ne ke cin abu mafi yawa da fata mafi ƙanƙanta, kuma matsin da ke cikinsa yana rabuwa daidai ta ko'ina, shi ya sa a ke yin manyan tankunan iskar gas a dunƙule.

Game da pai, Arkimidis ya nuna cewa ta ɗara 3 da 10 bisa 71, amma ba ta kai 3 da 1 bisa 7 ba. A 1424 Alkashi, masanin Samarƙandi, ya lissafa ta har gurbi 16 bayan ɗigo. Mu dai 3.142 ta ishe mu a yawancin aiki. Wanda ya auna tsibin yashi da igiya, sa'an nan ya rubuta amsa mai lamba takwas bayan ɗigo don kalkuleta ta nuna masa haka, yana yaudarar kansa ne, domin amsa ba ta fin awon da aka gina ta a kai inganci.

Wannan ya kawo mu ga ma'aunai. Kakanninmu suna da nasu: taƙi, da kamu, da gaba da a ke auna zurfin rijiya, da taku, da mudu da tiya a kasuwa. Sun yi amfani, amma kamun dogo ba ɗaya ya ke da na gajere ba, kuma mudun wata kasuwa ya kan fi na wata. Turawa ma haka suka yi fama, har Faransawa suka ƙirƙiro mita a shekarun 1790, suka ce ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba duniya biyu. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita a birnin Paris. A 1960 aka tsara ma'aunan duniya da mu ke karatu da su. Tun 1983 da saurin haske a ke ƙayyade mita, a 2019 kuma aka daina dogara da curin ƙarfen nan da ke ajiye a Faransa wajen ƙayyade kilogiram.

Nijar ta gaji tsarin mita tun zamanin mulkin Faransa. Nijeriya kuwa inci da ƙafa da galan ta gada daga Ingila, sai a shekarun 1970 ta koma mita, a daidai zamanin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973. Amma har yau tsarin biyu tare su ke tafiya. Zanen gini da milimita ya ke zuwa, birkila kuwa bulo mai inci tara da mai inci shida ya sani. Kafinta da inci da ƙafa ya ke sayen katako. Fuloti ƙafa 50 ne da 100 a bakin dillali, a takardar safiyo kuma mita murabba'i 465 ne ko kusa da haka. A nan haɗarin ya ke, a wurin da tsari biyu suka haɗu. Tun 1959 aka tsai da cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, ƙafa kuma mita 0.3048. Galan kuwa iri biyu ne: na Ingila lita 4.546, na Amurka lita 3.785. Wanda ya sayi famfo ko tanki aka rubuta masa galan, bai tambayi na wace ƙasa ba ne, zai iya rasa kashi ɗaya cikin shida na abin da ya yi tsammani. Gangar ɗanyen mai da a ke faɗin farashinta kullum galan 42 ce ta Amurka, kimanin lita 159, ba duron nan namu mai cin lita 200 ba.

Kada a zaci ƙananan ɗalibai irina kaɗai ke faɗawa wannan rami. A ran 23 ga Yuli, 1983, wani jirgin sama ƙirar Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi daga Montiriyal zai je Edmonton. A lokacin Kanada tana cikin komawa tsarin mita, kuma ma'aunin man jirgin ya lalace, sai aka auna man da sanda aka yi lissafi da hannu. Ana bukatar kilogiram 22,300. Wajen juya lita zuwa nauyi sai aka ninka da 1.77, wadda lambar laba ce, a maimakon kimanin 0.8 ta kilogiram. Jirgin ya tashi da ƙasa da rabin man da ya ke bukata, injunansa biyu suka mutu a sama. Allah ya sa matuƙin gwani ne a kan jirgi marar inji, ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin jiragen soja a Gimli, mutum 69 da ke ciki duk suka tsira. A ran 23 ga Satumba, 1999, hukumar NASA ta Amurka ta rasa wani kumbo da ta aika duniyar Mars. Kamfanin da ya ƙera shi yana ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin laba, masu sarrafa shi kuma suna ɗauka da niyuton ne, alhali laba ɗaya ta ƙarfi niyuton 4.45 ce. Kumbon ya kusanci Mars har kimanin kilomita 57, ƙasa da inda zai iya jurewa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A duka wuraren biyu masana ne suka yi lissafin, ninkawa da rabawa kuma daidai su ke. Lamba ce aka miƙa daga hannu zuwa hannu ba tare da sunan ma'auninta ba.

Mu dawo gida, domin a nan ne yawancinmu za mu yi aiki. Lita ɗaya ta ruwa kilogiram ɗaya ce, mita kubik kuwa tan ɗaya. Tanki mai faɗin mita 2 da tsayin mita 2.5 yana cin lita 7,850, watau kusan tan takwas a kan ƙafafun ƙarfen da wani mai walda ya haɗa da ido. Kankare mai rodi ya kan kai kilogiram 2,400 a kowace mita kubik, saboda haka rufin bene mai mita 10 da 8 da kaurin milimita 150 mita kubik 12 ne, kusan tan 29, tun kafin a ɗora masa kome. Sai kuma rodi. In zane ya ce milimita 12, ɗan kwangila ya kawo mai 10, a ido bambancin kaɗan ne. Amma filin kaurin na 12 milimita murabba'i 113 ne, na 10 kuwa 78.5, an zabtare kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfen ke nan. In aka sa 12 a wurin 16, abin da aka zabtare ya haura kashi 40. Mutanen da za su kwana a ƙarƙashin wannan rufi ba su san an yi ba.

A nan ina so in yi magana da 'yan'uwanmu ma'aikata, ko da ba injiniyoyi ba ne. Ku ne takardun biyan kuɗi ke bi ta hannunku. Ƙarfe kilogiram 7,850 ne a mita kubik, saboda haka sandar rodi mai milimita 12 da tsawon mita 12 ya kamata ta yi nauyin kilogiram 10.7, mai milimita 10 kuwa 7.4. Sikeli kaɗai ya isa ya tona asirin wanda ya kawo sirara. Ramin da aka ce an haƙa, tef zai gaya muku mita kubik nawa aka kwashe. Tauye mudu abin ƙyama ne a wurinmu tun fil azal, wanda kuwa ya sa hannu a takardar da ta ce 8 alhali 5 aka kawo, ya taya mai tauyewa, ko da rashin sani ne ya sa shi.

Abin da na koya, wanda kuma na ke roƙon mu riƙe, kaɗan ne. Kada mu rubuta lamba tsirara, kowace lamba ta zo da ma'auninta tun daga layin farko har na ƙarshe. Mu mai da dukan awo zuwa tsari ɗaya kafin mu fara ninkawa. Da na mai da ƙafa 12 da 10 da 6 zuwa mita 3.66 da 3.05 da 1.83 tun farko, da ban ɓata ba. Mu zana abin a takarda, ko da zanen bai yi kyau ba. Bayan an gama kuma mu yi irin tambayar dattijon nan: duro nawa ke nan, tifa nawa, ɗaki nawa? In amsa ta saɓa wa abin da ido ya saba gani, a koma a duba. Sa'an nan mu ba wani ya bi lissafin ta wata hanya dabam, ba tare da ya ga namu ba.

Mutanen garinmu dai sun gina ma'ajiyarsu, amma da sanin cewa ta kwana uku ce, ta tsayawa kafin a kawo ɗauki. Sauran kuɗin suka sa wajen yashe rijiyoyi biyu da ƙara musu zurfi. Da sun bi maganata, da sun shiga bazara suna taƙama da ruwan wata guda wanda babu shi. Duk lokacin da na je gida na kan je in gai da dattijon nan, shi kuwa ya kan tambaye ni ko har yanzu ramin yana cin duro dubu.